Gwiwar da Na Ɗaure Sau Huɗu

Ku da kuke zama bakin rumfata kuna kallon yadda ake ɗori a cikin waya, kuna cewa ai ja ne kawai da ɗauri, ku ajiye wayar ku matso. Na fi shekara talatin ina taɓa ƙashin mutane a nan Kaura Namoda, kuma har yau akwai gaɓa guda da in aka kawo min ita sai na yi bisimilla sau biyu. Hannu ba ya ba ni tsoro, ƙwauri ma haka. Gwiwa nake nufi.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Karan dawa da aka fere aka saƙa kamar ƙaramin asabari, tsumma mai tsabta, man shanu, man kaɗe, ƙwaryar ruwan ɗumi. Bandeji daga baya ya shigo. Duk wanda ya ga dama zai iya tara waɗannan a yini ɗaya. Abin da ba a tarawa shi ne yatsu, kuma ni a garin Banga na sami nawa, wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Arzika. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa mutum ba. Tukunya yake fasawa ya zuba gutsattsarin cikin buhun dusa, ya ɗaure bakin buhun, ya ce in haɗa ta daga waje ba tare da na gani ba. In na ce na gama sai ya kwance ya duba, ya sake watsa su. Ranar kasuwa kuma ya tura ni wurin mahauta in tsuguna in kalli yadda suke raba gwiwar saniya, in ga fararen jijiyoyin nan da suka gitta juna a ciki, da guringuntsin da ke kwance tsakanin ƙashi da ƙashi kamar gammo.

Aikin da ya fara nuna min ko mece ce gwiwa, wani ɗan dako ne aka kawo daga kasuwar Shinkafi. Buhun gero ya suɓuce daga saman mota ya same shi a ƙafa. Waɗanda suka kawo shi suka ce gwiwar ta goce, amma da suka ja sai ta koma da kanta. Ga ido kuwa lafiya lau take, kumburin ma ba mai yawa ba. Kawu bai ko dubi gwiwar ba. Tafin ƙafar ya kama, ya riƙe, ya daɗe. Sannan ya ce in taɓa. Da tsakar rana ne, mutumin yana ta zufa, amma ƙafar nan sanyi gare ta kamar gindin randa. Kawu ya tsikare shi a babban yatsa da tsinke, mutumin yana kallon rufin zaure, bai san an yi ba.

"Wagga ba tawa ba ce," in ji Kawu. "Ku ɗauke shi yanzu, ku tahi Gusau asibiti. Kada ku tsaya cin abinci."

Yayan mutumin ya ce su ba su baro Shinkafi don a kore su ba. Suka kai shi wurin wani, aka ɗaure. Bayan kwana shida wani direba ya gaya mana yatsun sun yi baƙi, baƙin yana hawa. A ƙarshe sai da aka yanke ƙafar daga cinya. Kawu yana fere kara lokacin da aka ba shi labari, bai ɗago ba. Ya ce da ni, "Mamman, ƙashi ba ya ɓoye ciwonsa. Gwiwa tana ɓoyewa. In ka ji abin da ba ka gane ba, cire hannunka."

Na riƙe maganar shekaru. Amma bayan Kawu ya rasu na dawo Kaura, suna ya fara tashi. 'Yan kabu-kabu da suka faɗi, 'yan ƙwallo, mata da suka zame bakin rijiya, daga Dauran, daga Zurmi, kowa rumfar Mamman. In mutum ya ɗora ƙashi ɗari suka kama, sai bakinsa ya manta yadda ake cewa ban sani ba.

Nomau ya zo min a farkon wata damina. Manomi ne, dattijo mai kamar shekara sittin, daga wani ɗan ƙauye can bayan Kurya Madaro. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake a gidansa, sai ɗiyarsa Ige da ke aure a nan Kaura. Ita ce ta kawo shi. Yana ɗaura wa shanu amalanke ne, sa ɗaya ya firgita ya zabura, ƙarfen amalanken ya buge shi a gefen gwiwar dama. Ya ce kafin ya gama salati ta kumbura kamar ƙwarya, kuma tun daga lokacin bai iya taka ta ba. Kwana uku ke nan.

Wannan kaɗai ya isa in tura shi. Gwiwar da ta cika nan take, jini ne a ciki. Mutumin da ba ya iya taka ƙafa ko taku huɗu, ba a yi masa shaida da yatsa. Amma na bi ƙoƙon gwiwar na ji shi ɗaya, na bi ƙwauri na ji shi a miƙe, ban ji wannan ƙaras-ƙaras ɗin na karaya ba. Na ce targaɗe ne. Na gasa da ruwan ɗumi, na murza da man shanu, na ɗaure.

Bayan sati biyu ya dawo da sanda. Kumburin ya ragu, ciwon bai ragu ba. Na sake murzawa, na ɗaure. Zuwansa na uku an gama noman farko, ya ce da ni, "Malam Mamman, wani abu na kai da kawowa ciki. Ina tahiya sai ta ƙage, ba gaba ba baya. Wani lokaci kuma sai ta sake ni, in ji ni ƙasa."

Na ɗora tafina a kai na ce ya lanƙwasa a hankali. Na ji abin. Wani ɗan motsi ne can ƙasa, kamar ɓera a cikin buhu, ya taɓa hannuna ya gudu. Ban taɓa jin irinsa ba. Ige tana tsaye bakin rumfa da goyonta, ta ce, "Baba Mamman, ko mu kai shi a yi mai hoton ƙashi?"

Akwai mutane zaune suna jiran layi, suna saurare. Na ce, "Hoto mi zai gaya muku wanda hannuna bai gaya min ba? Jijiya ce ta hau jijiya." Na ɗaure na uku.

Na huɗu ya fi muni. Wata uku da rauni, gwiwar ta sake cika, na ce mataccen jini ne, na sa aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a gefe biyu. Na shafa magani a kan tsagar, na naɗe da tsumma, na ce ya koma gida ya huta, ya dawo bayan sati biyu.

Wannan ita ce shekarar da ƙauyuka suka riƙa tashi saboda 'yan bindigar da ke cikin daji. Kun san ta, wasunku a lokacin kuka shigo garin nan da tabarmi a ka. Gero ya nuna a gona babu mai yanka. Aikina ma ya sake kama, domin abin da ake kawo min ba faɗuwar babur ba ce kuma, mutanen da suka tsallake danga ne, da waɗanda suka faɗa rami suna gudu. Sati biyun Nomau suka wuce ban ko tuna da shi ba.

Wata safiya ina shara sai ga Ige da mijinta Labbo, ɗan kabu-kabu. Ko gaisuwa ba ta gama ba. Ta ce 'yan bindiga sun aiko wa ƙauyensu Nomau cewa kowa ya tashi, mutane suka watse a ƙafa ta cikin fadama. Wasu suka ɗauka yana tare da waɗanda suka yi Zurmi, na Zurmi suka ɗauka yana tare da na Kaura. Sai jiya da aka haɗu aka ƙirga aka ga babu shi. Yau kwana tara.

"Maƙwabcinshi ya ce ya leƙa shi kahin su hita," in ji Labbo. "Ya ce su tahi, shina biye. Ƙahwar ta ƙage a lanƙwashe, ko taɓa ta ba a yi. Ni kaɗai ba ni iya aza shi bisa mashin. Sai da kai."

Na ɗauki kara da tsumma na hau bayansa.

Mun bar kwalta da hantsi. Da farko muna gamuwa da mutane jefi-jefi, daga nan sai babu kowa. Hanyar ta matse, gero ya rufe mu dama da hagu, ya fi mu tsawo, zangarniya ta sunkuyo tana dukan fuskokinmu. Tsuntsaye sun cika gonakin, suna ci babu mai kora, kuma ko da muka zo kusa ba su tashi ba. Da ya rage kaɗan Labbo ya kashe mashin, muka tura shi. A nan na fara jin shirun. Ba carar zakara, ba kukan akuya, ba ƙarar turmi. Rana ta ɗaga, gari fes, amma kunnena yana ta neman abin da zai kama bai samu ba.

Ƙofofin gidaje a buɗe suke. A wani tsakar gida mun ga turmi da taɓarya a ciki, hatsin ya tsiro ya yi kore. An shanya kayan yara a kan danga, ruwa ya dake su rana ta busar, sun ƙage kamar fata. A bakin masallaci akwai takalma ƙafa uku a jere, da buta a gefe. Labbo ya tsaya yana kallonsu, na ja shi muka wuce.

Muna shiga zauren Nomau muka ji murya daga ciki, a natse, kamar mai jiran baƙo.

"Ka dawo? Yau ka yi sammako."

Labbo ya kama hannuna. Na yi sallama. Sai muryar ta ce, "Wane ne?"

Yana zaune a ƙasa bakin ɗakinsa, ya jingina da bango, ƙafar dama a lanƙwashe a gabansa. Ya rame har idanunsa sun faɗa. Tsumman da na naɗa yana nan, ya yi baƙi, ƙudaje na bin sa. Tun kafin in taɓa na ji zafin gwiwar a tafina kamar na kusanci murhu. Fatar ta yi ja tana ƙyalli, tsagar ƙahon nan tana fitar da mugunya. Jikinsa duka zazzaɓi ne. A gefensa akwai ƙwarya da ɗanyen gero da yake taunawa, da randa.

Randar cike take har baki. Na sa hannu, ruwan sabo ne, mai sanyi, ko ƙura babu a kansa. Rijiyar ƙauyen kuwa tana can bayan masallaci, kuma mutumin nan ko rarrafe ba ya iyawa.

"Baba, wa ke ɗebo maka ruwa?" in ji Labbo.

"Wani mutum. Kullum in rana ta take shina zuwa. Fuskarshi a ruhe take da rawani. Ba ya cewa komai, sai ya cika randa ya tsuguna nan inda kake, ya yi ta kallon gwiwar." Nomau ya juyo da idanunsa kaina. "Sau ɗaya ya yi magana. Ya ce wa ya ɗaure wagga ƙahwa. Na ce Mamman na Kaura."

Na dubi inuwar bango. Saura kaɗan rana ta take.

Ban taɓa yin aiki da sauri irin na ranar ba. Ban yi ƙoƙarin miƙe ƙafar ba. Yadda na same ta haka na bar ta, na cusa tsumma a ƙarƙashin gwiwar, na kafa kara gefe da gefe don kada ta motsa. Muka ɗaga shi, ya yi ƙara guda ɗaya, ƙarar ta bi gidajen nan babu kowa ta dawo mana. Muka sa shi a tsakiya, ni a baya ina tallafe da ƙafar a hannu. Labbo bai tada mashin ba sai da muka shiga cikin gero. Ban waiwaya ba. Na ji kamar guga ya bugi bakin rijiya a bayanmu, amma ba zan rantse ba.

Daga asibitin Kaura aka wuce da shi Gusau a ranar. Na bi su, domin Ige ta ce in zo in faɗi abin da aka yi wa ƙafar. Likitan matashi ne, bai kai wasunku ba. Ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya kira ni. Kan ƙashin ƙwauri, daidai inda cinya ke zama, ya tsage ya ɗan nutse tun ranar da ƙarfen ya buge shi, ya kama a karkace. Wani ɗan guntu ya ɓalle yana yawo a cikin gaɓar. Shi ne ɓeran da na ji. Mugunyar kuwa ta tsagar ƙaho ta shiga.

Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Tambayata ya yi ta yi. Yaushe ta kumbura? Ya iya takawa? Sau nawa ka murza? Ina ba shi amsa yana rubutawa. Da ya gama ya ce, "Baba, da ya zo a satin farko, da da ƙafarsa zai koma gona. Yanzu ransa muke nema tukuna."

Sun yi masa tiyata sau biyu, ya yi sama da wata a kwance. Ya tashi da ransa da ƙafarsa, amma gwiwar ta daskare, ba ta sake lanƙwasuwa ba. A zaune yake salla har yau, a gidan Ige, da ƙafar a miƙe gabansa.

Tun daga nan na sa wa kaina iyaka, kuma ita nake so ku ji ko da ba za ku taɓa yin ɗori ba. Wanda aka buge a gwiwa ya kasa takawa, ko ta kumbura nan take, ba na murzawa, kara nake kafa masa ya tafi a yi hoto. In tana ƙagewa ko tana sakin mai ita, abin a ciki yake inda yatsa ba ya kaiwa. In ta yi zafi ta yi ja ga zazzaɓi, ko ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu, wannan ba a kwana da shi a gida. Ko da ƙaramin bugu ne ma, mutum yana takawa, in ya huta sati biyu zuwa uku ciwon bai fara sauka ba, ko yana tada shi daga barci, ina gaya masa ya wuce ni. Askar wanzami kuwa ba ta ƙara kusantar gaɓa a rumfar nan ba. Wasu suna fushi, su ce Mamman ya tsufa, hannunsa ya mutu. Ina jinsu.

Bayan an sallami Nomau da kamar wata guda, wata ranar kasuwa bayan azahar, rumfata cike da mutane, sai na lura suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi sallama. Da na ɗago sai ga mutum zaune a ƙarshen benci, dogo, da rawani ya rufe masa baki da hanci, jikinsa yana warin hayaƙi da daji. Ban ga shigowarsa ba.

"Kai ne Mamman?"

Na ce ni ne. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. Ya ce mashin ya kayar da shi wata huɗu da sunka wuce. Na tsuguna na kama. Ƙashin lafiya lau, amma da na riƙe cinya na jawo ƙwaurin sai ya taho gaba sakaka, kamar ƙofar da ƙyaurenta ya ɓalle. Jijiyar ciki ta tsinke.

"Ɗaure ta," ya ce.

"Wagga ba tawa ba ce. Abin da ya tsinke can ciki yake. Sai asibiti."

"Ba ni zuwa asibiti."

"To in na ɗaure, ƙarya na ɗaure maka."

Ya daɗe yana kallona. Hayaniyar kasuwa tana nan a waje, amma kamar daga wani gari take zuwa. Hannunsa ɗaya yana cikin riga, bai fito da shi ba.

"Ai ka ɗaure ƙahwar tsohon nan na ƙauye."

"Na ɗaure. Sau huɗu. Shi ya sa ba ni ɗaure taka."

"Ya rayu?"

"Ya rayu."

"Da ƙahwar?"

"Da ita. Amma ba ta lanƙwasuwa."

Ya sauke ƙafar wandon a hankali. Da ya miƙe sai gwiwar ta yi ƙas, na ji ta daga inda nake. Ya fita yana ɗingishi, yana jan ƙafar, ya shiga cikin masu hatsi, ban ƙara ganinsa ba.

Da la'asar na rufe rumfa na tafi gidan Ige. Na tarar da Nomau a zaure a kan tabarma yana jan carbi. Na ce masa yau mai ɗebo masa ruwa ya zo wurina. Na kwatanta masa tsawon, da rawanin, da yadda yake jan ƙafar hagu.

Nomau ya tsayar da carbin. Ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Labarina dai ya ji can cikin daji."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ka ce shina ɗingishi. Kwana tara ina zaune, ko ƙadangare ya gitta tsakar gidana ina jin shi." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Wancan ban taɓa jin takunshi ba."